Yadda Za Ka Zaɓi Batirin da Ya Dace da Motarka a Kumasi

Kusan duk wanda ya tare ni da maganar batir, ko a bakin masallaci a Aboabo ko a tashar tasi, tambaya ɗaya yake kawowa: "Malam, filet nawa zan saya, sha uku ko sha biyar?" Filet ɗin nan farantan dalma ne da ke cikin batirin. Wasu kuma sunan kamfani kawai suke so in faɗa, su hau mota zuwa Magazin ɗin Suame, kasuwar kayan mota, su ɗauko. Da tambayar ta yi yawa, sai na ga gara in jera matakan yadda suke bin juna. Motarka ta riga ta faɗi batirin da take so, kuma a rubuce yake a jikinta. Abin da ya rage shi ne ka karanta kafin ka taka ƙofar shago.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: mitar awon wuta irin wadda masu gyaran rediyo ke amfani da ita, sifana lamba 10, tef ɗin awo ko da na tela ne, ƙaramin buroshin waya, ɗan giris ko basilin, safar hannu, da wayarka don ɗaukar hoto. Idan ba ka da mita, kowane mai aikin wutar mota yana da ita, amma ka tsaya a wurin ka ga lambar da idonka.

1. Tabbatar batirin ne ya mutu

Mota ta ƙi tashi da safe ba shi ke nuna batir ya ƙare ba. Buɗe bonet ka fara da kawunan batirin. Kama kowace tamina, wato ƙarfen bakin waya da ke kama kan batirin, ka murɗa da hannu. Idan ta motsa, ko ka ga farin gari mai shigen shuɗi ya taru a kanta kamar burtuntuna, to mai yiwuwa wutar tana nan, hanyar wucewa ce ta toshe. Na sha ganin tamina da aka cusa wa ƙusa ko guntun gwangwani don ta kama, mai motar kuma yana ta zagin batirin da bai yi laifin komai ba. A wanke, a ɗaure, a sake gwadawa.

In tamina lafiya take, sai awo. Ka bar motar ta kwana a kashe, da safe kafin ka murɗa makulli ka ɗora mita, jan waya a kan mai alamar +, baƙar a kan mai alamar −. Bolt 12.6 cikakken caji ne. Bolt 12.4 ya ɗan ragu, 12.2 kusan rabi ke nan, 12.0 ko ƙasa kuwa ya sauka sosai. Amma saukar caji daban, mutuwa daban. A kai shi a yi masa caji a hankali har ya cika, a bar shi ya huta, sannan a sake aunawa.

Gwajin da ke yanke hukunci shi ne na lokacin tayar da inji. Wani ya murɗa makulli kai kana kallon mita. Batir mai lafiya zai sauka zuwa wajen bolt 10 ya dawo. Wanda ya faɗi ƙasa da 9.6 alhali an cika shi da caji, ya gaji. Idan kuma ka ga cikinsa ya kumbura, ko jikinsa ya tsage, ko kana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ba sai an yi wani gwaji ba.

Hattara: kada ka yarda a gwada batir ta hanyar goga waya tsakanin kawunan biyu don a ga tartsatsi. Batir yana fitar da iska mai kama wuta, musamman bayan caji, kuma yana iya fashewa ya watsa wa mutum asid a fuska.

2. Duba altaneta da yoyon wuta

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ke sa a sayi batir biyu a shekara ɗaya. Altaneta ke mayar wa batir wutar da ya kashe. Tayar da inji, ɗora mita: ana so ka ga tsakanin bolt 13.8 da 14.7. Kunna fitilu da iyakwandishan ka sake duba. Ya kamata ta tsaya sama da 13. Idan tana yawo a wajen 12 da wani abu, ba ta caji, kuma sa sabon batir a irin wannan motar zuba ruwa ne a kwando. Idan ta haura 15, tana dafa batirin ne, ruwansa zai ƙone ya kumbura. Ka duba bel ɗin altaneta ma, don wanda ya saki yakan yi ƙara da safe kuma ba ya jan ta yadda ya kamata. Wasu sababbin motoci suna rage caji da kansu idan batir ya cika, saboda haka a kansu a yi awon da fitilu a kunne.

Sai yoyon wuta. Idan mota tana tashi lafiya duk rana amma ta kwana biyu a ajiye sai an tura, wani abu na shan wuta bayan an kashe ta. Galibi kayan da aka ƙara ne daga baya: rediyo mai allo, lasifika mai amfilifaya, na'urar bibiyar mota, ƙararrawar ɓarayi, ko fitilar but da ba ta mutuwa. Mai aikin wuta zai auna. Abin da ya wuce kimanin mili'am 50 bayan motar ta yi shiru na ɗan lokaci yana buƙatar bincike.

Hattara: akwai tsohuwar al'adar cire tamina inji na aiki, wai in motar ba ta mutu ba altaneta na da kyau. A motocin da ke da kwamfuta wannan na iya ƙona ta, kuma kuɗinta ya ninka na batir. Ka ce, "Masta, don Allah a sa mita, kada a cire kan."

3. Nemo lambar girman batirin

Duba littafin motar in yana nan. In babu, karanta jikin batirin da ke ciki, amma da sharaɗi: mota hom-yus, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, da ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema ko wadda ta wuce hannu uku a gari, ba lallai batirin da ke cikinta shi ne na asali ba. Saboda haka ka auna tiren da batirin ke zama a kai, tsawo da faɗi, ka kuma auna tsayin da ke tsakaninsa da bonet. Ɗauki hoto daga sama kafin a taɓa komai.

Tsari uku za ka tarar a kasuwa, saboda motocinmu daga wurare uku suke zuwa.

Na Japan, wanda yawancin batiran Koriya ma ke bi, yana kama da 55D23L. Lambar farko ƙarfin batirin ce, mafi girma ta fi ƙarfi. Harafin D faɗi da tsayi ne, 23 tsawonsa ne a santimita, L kuma gefen da kawunan suke. Wato 75D23L zai zauna daidai inda 55D23L ya zauna, sai dai ya fi shi ƙarfi, wannan kuwa ba laifi. Tsofaffin sunaye irin NS40, NS60 da N70 duk na wannan gidan ne, kuma har yanzu su masu shago suka fi kira.

Motocin da aka shigo da su daga Amurka da lambar rukuni suke zuwa. Corolla da yawa rukuni 35 ne, wanda ya yi daidai da D23L. Camry da yawa 24F, kusan D26L. Civic kuwa 51R, ɗan siriri, kusan B24L.

Na Turai, irin na Benz, BMW, Volkswagen da Opel, kawunansa a nutse suke cikin murfi, faɗinsa milimita 175, tsawon ne ke bambanta: 242, 278, 315 ko 353. A gindi ake maƙale shi da ƙarfe, ba a sama ba. Wasu Hyundai da Kia na baya-bayan nan ma irinsa suke ɗauka.

Hattara: batirin da ya fi wurinsa tsayi zai iya taɓa bonet, kuma kan + in ya haɗu da ƙarfen mota gobara ce.

4. Gefen kawuna da kaurinsu

Ajiye batirin a gabanka, kawunan suna gefen da ke kusa da kai. A tsarin Japan, in + yana hannun dama, L ke nan. In yana hagu, R. Harafin R na tsarin Amurka ba wannan ma'anar yake ɗauka ba, don haka hoton da ka ɗauka shi ne alƙali. Ɗora shi kusa da sabon batirin ka gwada. Idan gefen bai yi daidai ba, waya ba za ta kai ba, sai ka ji an ce a ja ta ko a yi mata ƙari. Kada ka yarda, a canza batirin.

Ƙananan batira na rukunin B a tsarin Japan, waɗanda ake sa wa motoci irin su Vitz, sau da yawa kawunansu sirara ne, amma akwai masu kauri a girma ɗaya. Ka duba wanda taminarka ke kamawa. In dole ta sa ka ɗauki siriri, akwai zoben dalma da ake sawa ya cike gurbin.

5. Filet, Ah da CCA

Yanzu ga amsar tambayar da aka fi yi. A nan Gana da filet ake cinikin batir: sha ɗaya, sha uku, sha biyar, sha bakwai. Adadin farantan dalma ne da ke cikin kowane ɗaki daga ɗakuna shida na batirin. Yana nuna girma a dunƙule, amma ba ma'auni ba ne da kamfanoni suka yarda da shi, domin faranti ya bambanta a faɗi da kauri. Sha biyar na wani kamfani zai iya zama daidai da sha uku na wani. Kuma a rufaffen batir ba ka da hanyar ƙirgawa, abin da aka faɗa maka kawai za ka ɗauka.

Abin da za ka iya karantawa da idonka shi ne Ah da CCA. Ah yawan wutar da batirin ke ajiyewa ne. Ƙananan motocin tasi sukan ɗauki 35 zuwa 45, matsakaita irin Corolla da Elantra 55 zuwa 65, manyan jif da motocin dizal 70 zuwa 100. Ka sayi abin da kamfanin motar ya rubuta, ko sama da shi kaɗan in zai shiga wurin. Kada ka sauka ƙasa don ragin kuɗi. Kada kuma ka haura da nisa kana zaton ƙarin ƙarfi ne: motar da ke gajerun tafiye-tafiye daga Asawase zuwa Adum ba za ta samu lokacin cika ƙaton batir ba, batirin da kullum yake rabin caji kuwa da wuri yake lalacewa.

CCA ƙarfin bugun tayar da inji ne, kuma a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ake auna shi. Hunturun Kumasi ko kusa da wannan bai kai ba. Don haka in batiri ya cika CCA ɗin da motarka ke nema, ya wadatar, ba sai ka biya ƙarin kuɗi don babbar lamba ba. Mai injin dizal ne ya kamata ya matsa a kan wannan, saboda injinsa ya fi nauyin juyawa. Abin da ke cin batir a ƙasarmu zafi ne da jijjiga da cunkoso, inda inji ke aiki a tsaye, iyakwandishan da fanka na jan wuta, altaneta kuma na juyawa a hankali. Shi ya sa a nan batir yakan yi shekara biyu zuwa uku, ko da a ƙasashen sanyi zai wuce haka.

6. Wane iri?

Mai marafe shida ana iya buɗe shi a ƙara ruwa, ya fi araha, kuma ya dace da direban da ke duba motarsa kowane mako. Rufaffe mai alamar MF ba ya son kulawa, shi nake ba yawancin mutane shawara, domin kaɗan ne cikinmu ke tuna duba ruwan batir.

Motar da injinta ke mutuwa da kansa a danja ya sake tashi in ka ɗaga ƙafa daga birki, EFB ko AGM take buƙata, wato irin batiran da aka yi don su jure yawan tayar da inji. A na Japan za ka ga lamba irin Q-85 ko S-95. In ka sa mata batir na gama-gari zai yi aiki na ɗan lokaci ya mutu da wuri. Wadda ta zo da AGM a mayar mata da AGM. In batirin a but yake ko ƙarƙashin kujera ko ƙarƙashin ƙafar direba, kamar a wasu Sprinter, a tabbata sabon yana da ramin da za a soka bututun fitar da iska. Manyan motoci masu bolt 24 kuma batir biyu suke haɗawa, kuma tare ake canza su, iri ɗaya, girma ɗaya.

Ga masu tunanin su sayi batir ɗaya ya yi mota ya kuma riƙe fitilar gida in an ɗauke wuta: batirin mota ba a yi shi don a zuƙe shi har ƙasa ba. Sau kaɗan za ka yi haka ya gaji. Na inbata daban ne.

7. A cikin shago

Za ka tarar da na Koriya irin Solite, Atlas BX da Rocket, na Indiya irin Amaron, da Bosch da Varta, da wasu da yawa. Suna mai kyau yana da amfani, amma sabon batir na matsakaicin kamfani ya fi babban suna da ya shekara a kan kanta. Batir tun yana ajiye yake tsufa, a zafin shago kuwa ya fi sauri.

Nemi ranar da aka ƙera shi. Wasu kamfanoni suna buga ta a fili, wasu da harafi da lamba, inda A ke nufin Janairu, B Fabrairu, lambar kuma ƙarshen shekara. Tsarin ya bambanta, don haka ka ce, "Alhaji, nuna mini inda kwanan watan yake." Wanda ya wuce wata shida a bar shi. Sannan a ɗora mita a gabanka: 12.5 ko sama. Ɗan gilashin nan da ke nuna kore ɗaki ɗaya kawai yake gani cikin shida, kada ya ishe ka hujja.

Juya batirin ka duba shi ta kowane gefe. Kawunan sabon batir sumul suke, babu shatin tamina, galibi da hular roba ja da baƙa. In ka ga an goge su da samfefa, ko takardar jiki ta karkace, ko alamar an narka murfi an sake liƙewa, tsoho ne aka yi wa kwalliya. Ɗaga shi ma ka ji. Cikin biyu masu girma ɗaya da Ah ɗaya, wanda ya yi sakayau ƙwarai dalmarsa kaɗan ce.

Hattara: garantin baki ba garanti ba ne. A rubuta maka rasit mai sunan shago, kwanan wata, lambar batir da adadin watanni. Ka tambaya tun yanzu ko garantin ya shafi tasi da torotoro, don wasu sukan rage wa motar haya.

8. Lissafin kuɗi

Yawancin batiran daga waje ake shigo da su, don haka farashi yana bin dala, na watan jiya ba shi ne na yau ba. Tambayi shago uku da lamba ɗaya a hannunka, Ah ɗaya, don ka gwada abu da irinsa. In kana da ɗan'uwa a Accra, ya tambayo maka a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai ka ji, amma ka tuna garantin da ke Accra wahalar nema gare shi in kana Kumasi.

Raba kuɗin da watannin garanti. A matsayin misali kawai: a ce wani sidi 900 da wata 6, wani sidi 1,200 da wata 12. Na farko sidi 150 ne a wata, na biyu 100. Sai ka cire abin da za a ba ka a kan tsohon batirinka, domin dalmar da ke ciki kuɗi ce, kuma a yi wannan cinikin daban bayan an gama na sabon. Ka ƙara kuɗin mai ɗaurawa in shagon ba ya yi kyauta, da na sabuwar tamina ko maƙalli in naka sun ci. Batir hom-yus ba na ba kowa shawararsa sai wanda ke neman ya lallaɓa zuwa ƙarshen wata, shi ma a gwada shi da na'urar da ke ɗora masa nauyi kafin a biya.

9. Ɗaurawa

Kashe inji, zare makulli ka sa a aljihu, don wasu motoci sukan kulle kansu in wuta ta dawo. Cire zobe da agogon ƙarfe. Fara kwance − sannan +. Dalili shi ne, muddin − na haɗe, sifanar da ke kan + in ta taɓa jikin mota tartsatsi ne. Ɗaga tsohon a miƙe, kada ya karkata. Wanke tire da tamina da ruwan da aka jiƙa bekin soda a ciki, goge da buroshi har ƙarfen ya yi haske, a bar shi ya bushe.

Zaunar da sabon, ɗaure maƙallinsa har ya daina motsi, sannan ka haɗa + da farko, − a ƙarshe. Shafa giris kaɗan a sama bayan an ɗaure. Ba a buga tamina da guduma ko dutse, bugun yana tsaga gindin kan ya fara tsatsar asid. Ba a kuma ɗaure batir da robar tayar keke. A hanyoyinmu masu ramuka, batirin da ke rawa farantansa ne ke zubewa a ciki. In motar ta zo da rigar da ke kare batir daga zafin inji, a mayar da ita.

Hattara: juya kawuna, ko na daƙiƙa ɗaya, yana ƙona fiyus, altaneta, wani lokaci har kwamfuta. Alamar + da − za ka duba, kada ka dogara da launin waya, don an sha canza wayoyi a gareji.

Wasu rediyo suna neman lambar sirri bayan an cire wuta, ka neme ta tun kafin a fara. Wasu motocin Jamus, musamman BMW, sai an shigar da sabon batirin a kwamfutarsu da na'ura, in ba haka ba za su ci gaba da yi masa caji irin na tsoho. Bayan an gama, tayar da inji ka sake ɗora mita ka ga 13.8 zuwa 14.7 kafin ka bar wurin.

10. Tsohon batir da kulawar bayan saye

Tsohon a bar shi a shagon ko a ba masu sayen ƙarafa da ruwansa a ciki. Kada a tuttular da asid ɗin a kwata, kada kuma a ajiye shi a tsakar gida inda yara ke wasa, domin dalma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Dokar ƙasa ma ta yi tanadi a kan shara mai haɗari irin wannan.

In mai marafe ka saya, duba ruwansa sau ɗaya a wata, ya rufe farantan. Tataccen ruwan batir ake ƙarawa. Ba a ƙara asid, ba a zuba ruwan famfo ko na leda. Motar da za ta yi makonni a ajiye, kamar in za ka tafi Arewa ko aikin Hajji, a cire mata kan −, ko wani ya riƙa fita da ita na kamar rabin awa kowane mako, don tayar da ita minti biyar a tsaye ba ya mayar da abin da tayarwar ta ci. Rasit ɗin kuma ka ɗauki hotonsa a waya ranar da aka ba ka, saboda tawadar irin waɗannan takardu takan goge kafin garantin ya ƙare.